Mai Ƙaura da Taurarinsa

A ranar 3 ga Satumban 2021, Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su kashe turakunsu a faɗin jihar Zamfara, bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, domin a toshe wa 'yan bindiga hanyar magana da masu kai musu rahoto. Mako biyu aka ambata da farko. Gusau ta samu sabis a farkon Oktoba, amma garuruwa irin su Anka da Gummi da Bukkuyum sai da suka kai ƙarshen Nuwamba. Mai son gaida ɗansa da ke Kaduna sai ya nemi mota ya tsallaka wata jiha. Masu POS suka naɗe kayansu. Ɗalibin da ke koyon rubuta manhaja ta intanet ya zauna yana kallon kwamfutarsa kamar mai kallon rijiyar da gugansa ya faɗa ciki.

Waɗannan watanni sun raba dukiyar mutum ta zamani gida biyu. Abin da ke cikin wayarsa ko kwamfutarsa ya kwana tare da shi. Abin da ke cikin asusunsa na wani kamfani da ke ƙetare, ko da shekara goma ya yi yana tara shi, ya zama tamkar na wani. Wanda ya rayu cikin wannan hali ba ya buƙatar dogon bayani kafin ya gane bambancin mallaka da aro.

Da wannan idon ya kamata a dubi wata 'yar ƙaramar manhaja da masu rubuta manhajoji kan ƙirƙira lokaci zuwa lokaci, wadda aikinta ɗaya ne tak: ta kwashe jerin rumbunan da mutum ya sanya wa tauraro a wani asusunsa na GitHub, ta kai su wani asusun. Ba ta da hoto, ba ta da maɓallin latsawa. Ana rubuta mata umarni a baƙin allo, ta cika, ta yi shiru. A ido abu ne da bai kai a tsaya a kansa ba. Sai dai tambayar da ke ƙarƙashinsa babba ce, kuma ta fi shafar mutumin yammacin Zamfara fiye da mutumin San Francisco: idan ƙaura ta kama mutum, me zai iya ɗauka ya tafi da shi?

Rumbu da tauraro

A 2005 Linus Torvalds, wanda ya assasa Linux, ya ƙirƙiri Git, tsarin da ke adana rubutun manhaja tare da tarihin duk wani gyara da aka yi masa. A 2008 aka buɗe GitHub, wurin da ake ajiye irin waɗannan rubuce-rubuce domin mutane su gani, su kwafa, su gyara. Kamfanin Microsoft ya saye shi a 2018 kan dala biliyan 7.5, kuma a Janairun 2023 ya ba da sanarwar cewa masu amfani da shi sun kai miliyan 100. Kowane aiki a nan yana da ma'ajiyarsa, wadda Bahaushe zai fi gane ta da sunan rumbu: a ciki ake zuba abin da aka noma, daga ciki ake ɗiba.

Rumbunan nan ba su da nisa da rayuwar Arewa kamar yadda ake zato. DHIS2, manhajar da Jami'ar Oslo ke jagorantar ginawa, wadda Nijeriya ke tattara alƙaluman asibitoci da ita, tana GitHub. ODK da KoboToolbox, waɗanda ma'aikatan ƙungiyoyin agaji ke cike takardun bincike da su a waya, suna can. Ayyukan HausaNLP da Masakhane, masu ƙoƙarin koya wa kwamfuta Hausa da sauran harsunan Afirka, su ma a can suke.

Tun daga 2012 GitHub ya ware wata alama mai siffar tauraro a saman kowane rumbu. Wanda ya ga rumbun da ya burge shi, ko yake tunanin zai buƙace shi wata rana, sai ya latsa. Latsawar tana aiki biyu a lokaci guda. Ga mai rumbu, yabo ce da ake ƙirgawa a bainar jama'a. Ga mai latsawa, alama ce irin wadda ɗalibi kan saka a tsakanin shafukan littafi don kada ya ɓata wurin da ya tsaya. Bayan shekara huɗu ko biyar, mai koyo na gaske yakan tara ɗaruruwan irin waɗannan alamomi: manhajar da ta warware masa matsalar taswira, wadda ta koya masa tsara bayanai, wadda ke aiki ko babu intanet, wadda wani ya nuna masa a wani taro bai samu damar dubawa ba tukuna.

Rubutun da ke cikin rumbunan na masu shi ne. Amma zaɓen, wato ware ɗari takwas daga cikin miliyoyi, aikin mai latsawa ne shi kaɗai. Dare nawa ya raba, data ta nawa ya ƙona, sau nawa ya gwada abu ya tarar ba shi da amfani kafin ya dace da mai amfani? Jerin nan shi ne sakamakon wannan wahala. GitHub kuwa, duk da yana da hanyar miƙa rumbu sukutum daga wani asusu zuwa wani, bai tanadi maɓallin da zai miƙa jerin taurari ba. Wannan giɓin ne ƙaramar manhajar ke cikewa.

Yadda take aikinta

Banda shafin da mutane ke gani, GitHub yana da wata ƙofa da manhajoji ke magana da shi ta cikinta, wadda ake kira API. Ta nan manhaja za ta iya tambayar jerin taurarin wani asusu, a ba ta amsa shafi-shafi, kowane shafi bai wuce rumbu 100 ba. Ta nan kuma za ta iya sanya wa rumbu tauraro a madadin mai asusu, muddin ya ba ta izini. Izinin wani dogon mabuɗi ne na haruffa da lambobi da mai asusu ke yankawa da kansa, ya ƙayyade abin da zai iya buɗewa da ranar da zai daina aiki.

Saboda haka aikin matakai uku ne. Ta karanta jerin tsohon asusu. Ta rubuta shi a fayil. Ta bi shi ɗaya bayan ɗaya tana sanya tauraro da sunan sabon asusu. Mai taurari 800 zai buƙaci tambaya 8 don karantawa da 800 don rubutawa, alhali GitHub yana ba mai mabuɗi damar tambaya 5,000 a cikin awa ɗaya. Manhaja mai hankali takan ɗan dakata tsakanin kowace tambaya, don kada a ɗauke ta a matsayin mai neman yin ɓarna. Da hannu kuwa, in kowane rumbu zai ci daƙiƙa 15, aikin zai haura awa uku, kuma wannan lissafin wanda sabis ɗinsa bai yanke ko sau ɗaya ba ne.

A nan ne baƙin allon nan da mutane ke tsoro yake nuna darajarsa. Shafin intanet yana zuwa da hotuna da ado da wasu manhajoji da dole su sauka kafin a ga rubutu. Layin umarni rubutu zalla yake aikawa, rubutu zalla yake karɓa. A garin da sabis ke zuwa yana ɗaukewa, inda caji sai an kai shago an biya, abin da ya fi sauƙin nauyi shi ya fi isa inda aka aike shi. Idan sabis ya yanke a rumbu na 412, manhajar da aka gina da kyau za ta ci gaba daga na 413. Ko kwamfuta ba dole ba ce, domin manhajar Termux tana buɗe layin umarni a wayar Android.

Akwai kuma wani abu da ya fi duk waɗannan muhimmanci. Jerin taurarin mutum a buɗe yake ga kowa, sai fa in shi ya zaɓi ya rufe shafinsa. Ma'ana, ko an kulle mutum a waje, ya rasa hanyar shiga tsohon asusunsa har abada, yana iya karanta jerinsa daga waje kamar kowane baƙo, ya sake gina shi a sabon wuri. Gidan ya tafi, amma fihirisin littattafan da ke cikinsa yana manne a bango ta waje.

Dalilin da ya sa mutum ke sauya asusu

Mai zaune a inda rayuwa ke tafiya daidai zai ce ai ba dole ba ne a sauya asusu. GitHub yana barin mutum ya sauya sunansa da adireshin imel ɗinsa ba tare da ya rasa komai ba. Gaskiya ne, ga wanda har yanzu mabuɗin gidan ke hannunsa.

Daga Maris ɗin 2023 GitHub ya fara tilasta wa masu zuba rubutu a cikinsa amfani da tantancewa mai hawa biyu: bayan kalmar sirri, sai an ƙara da wata lamba da galibi waya ke bayarwa. Tsari ne mai kyau, yana kare mutane daga ɓarayin asusu. Amma kamfanin ya faɗa ƙarara cewa wanda ya rasa wayarsa, ya rasa lambobin ceto da aka ba shi, ya kuma rasa sauran hanyoyin da aka tanada, ma'aikatansa ba za su buɗe masa ba. Wannan tsari an gina shi ne bisa zaton cewa waya abu ce da ke daɗewa a hannun mai ita, kuma takardar da ya rubuta lambobin ceto tana cikin wani akwati a ɗakin da zai koma ya tarar.

A ƙauyukan Anka da Bukkuyum da Gummi, wannan zato ba ya tsayuwa. Garin Anka ya shafe shekaru yana karɓar mutanen da suka baro ƙauyukansu da abin da ke jikinsu kawai. Waya tana cikin abubuwan farko da ake ƙwacewa a hanya. Layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfani kan karɓe shi ya sayar wa wani. Tun Disambar 2020 da aka fara haɗa layukan waya da lambar NIN, an rufe layuka masu yawa, kuma wanda ke nesa da ofishin rajista shi ya fi shan wahalar buɗewa. Layi na riƙe da imel, imel na riƙe da asusu, asusu na riƙe da jeri. In aka cire na ƙasa, na sama duk sai su zube.

Akwai kuma ƙaurar da ba ta tsoro ba. Ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Gusau ko na Kwalejin Abdu Gusau da ke Talata Mafara na iya buɗe asusu ɗaya don aikin makaranta, wani don kansa, daga baya ya so haɗa su, tunda ƙa'idar GitHub ma ba ta yarda mutum ɗaya ya riƙe asusun kyauta fiye da ɗaya ba. Matashin da ya shiga shirin 3MTT na gwamnatin tarayya, wanda aka ƙaddamar a 2023, na iya buɗe asusu cikin gaggawa a wayar abokinsa, ya manta da wane imel ya yi. Ma'aikacin bayanai na iya buɗe nasa da imel ɗin wurin aiki, ranar da kwantiragi ya ƙare a rufe akwatin.

Wannan na ƙarshe sananne ne a yankin. A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano cewa gubar dalma daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ce ke kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Aƙalla yara 400 suka rasu. An kwashe gurɓatacciyar ƙasa ƙauye bayan ƙauye, aikin Bagega bai samu ba sai 2013, kuma sai a 2022 ƙungiyar ta miƙa shirin ga hukumomin jiha. Shekara goma sha biyu ke nan na gwajin jini, rajistar yara da bibiyar magani. Duk wani aiki irin wannan yana horar da 'yan gari, kuma duk wani aiki irin wannan yana da ranar ƙarewa. Motoci sukan koma, ofis yakan rufe. Abin da ke saura a gari shi ne abin da ya zauna a kan mutanen da aka horar, da abin da suka iya ɗauka suka fita da shi. Jerin kayan aikin da mutum ya koya yana cikin wannan kaso.

Tsohuwar al'ada ce

Rubuta jerin abin da aka karanta ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya raka yayansa Shehu Usmanu a shekarun da ya yi yana wa'azi a ƙasar Zamfara kafin jihadi, ya rubuta wani ɗan littafi wajen 1812 mai suna Ida'un Nusukhi. A cikinsa ya jero malaman da ya yi karatu a wurinsu da littattafan da ya karanta a gaban kowannensu. Bai kwafe littattafan a ciki ba. Sunayensu ya kawo, da hanyar da suka iso gare shi. Yau, bayan fiye da shekara 200, masu bincike na komawa ga wannan jeri don su san abin da ake karantawa a ƙasar Hausa a ƙarni na 18.

Darasin da ke ciki shi ne cewa malaman wancan zamani sun ɗauki jerin a matsayin ilimi mai zaman kansa. Sun yi hijira, sun bar gidaje, wasu littattafan sun salwanta a hanya. Amma wanda ya san sunan littafi da wanda ya karantar da shi zai iya neman wani kwafin a wani gari. Wanda ya manta sunan kuwa, ko littafin na gabansa a kasuwa zai wuce shi. Matashin da ke sanya tauraro a GitHub, ko ya sani ko bai sani ba, irin wannan jerin yake rubutawa. Bambancin kawai shi ne Malam Abdullahi a takardarsa ya rubuta, shi kuwa a littafin wani kamfani yake rubutawa.

Inda ƙarfinta ya tsaya

Yabon manhajar nan bai kamata ya rufe ido ga iyakarta ba, kuma iyakokin suna da yawa.

Na farko, tauraro nuni ne kawai. Bai ɗauke da ko layi ɗaya na abin da ke cikin rumbu. A Oktoban 2020 GitHub ya sauke rumbun youtube-dl bayan ƙorafin ƙungiyar kamfanonin waƙa ta Amurka, RIAA, sai a Nuwamba ya mayar da shi. A tsakanin nan, dubban masu tauraro a kansa sun tarar alamarsu na nuna wurin da babu komai. Haka nan a watannin da aka kashe sabis a Zamfara, mai taurari dubu da wanda ba shi da ko ɗaya duk ɗaya suke. Wanda ya tsira shi ne wanda ya riga ya sauke kwafin rumbun a kwamfutarsa, domin Git yana ba kowane kwafi cikakken tarihin aikin, yana kuma aiki ba tare da intanet ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Na biyu, ƙaurar ba ta zuwa da komai da komai. GitHub yana riƙe ranar da aka sanya kowane tauraro, amma a sabon asusu dukansu za su ɗauki ranar da aka yi ƙaura. Tarihin yadda sha'awar mutum ta sauya daga shekara zuwa shekara zai shafe, sai in manhajar ta adana ranakun a fayil. Rukunonin da mutum ya kasa taurarinsa a ciki su ma ba lallai su biyo ba.

Na uku shi ne mafi haɗari. Mabuɗin da ake ba manhajar, in aka yanka shi da faɗi, yana iya buɗe duk abin da ke asusun, har da rumbunan sirri. Wanda ya sauko da manhajar da bai san mai ita ba, ya miƙa mata irin wannan mabuɗi, ya ba kura ajiyar nama. Tun 2022 GitHub ya fito da mabuɗai masu ƙayyadadden iko, waɗanda za a iya taƙaita su ga sanya tauraro kaɗai. Shi ya kamata a yanka, a ba shi gajeren wa'adi, a soke shi da zarar an gama. Kuma tunda irin wannan manhaja gajeriya ce, rubutunta a buɗe, wanda zai yi amfani da ita ya fara karanta ta. In bai iya ba, ya nemi wanda ya iya.

Na huɗu, ƙofar da ake bi a yi ƙaurar halal ita ake bi a yi maguɗi. A ƙarshen 2024 masu bincike daga Jami'ar Carnegie Mellon da abokan aikinsu sun ba da rahoton gano taurari kusan miliyan 4.5 da ake zargin na bogi ne, waɗanda ake saye don rumbu ya yi kama da abin dogaro, wani lokaci ma rumbun na ɗauke da manhajar cutarwa. Saboda haka mai ƙaura na gaskiya, in har yana da iko da tsohon asusunsa, ya kyautu ya cire taurarin can bayan ya kafa su a nan, don kada a ƙirga yabonsa sau biyu.

Sai kuma babbar suka, wadda ta fi cancantar amsa. Wani zai ce: a yankin da manomi ke biyan haraji ga 'yan bindiga kafin ya shiga gonarsa, inda asibitocin Anka da Gummi ke cika da yara masu tamowa, wa ke da lokacin taurarin GitHub? Mutum nawa ne ma a Bukkuyum suka taɓa jin sunansa? Sukar tana da gaskiya ta fuskar yawa. Masu wannan buƙata kaɗan ne. Amma ƙarancinsu shi ne dalilin da ya sa asararsu ke da tsada. A Legas, in matashi ya rasa jerinsa, akwai abokai goma a kusa da za su tuna masa. A Gummi mai yiwuwa shi ne kaɗai a unguwarsu da ya san hanyar, kuma shi ne wanda sakatariyar ƙaramar hukuma ko asibiti ko makaranta za ta nema ranar da wani abu ya lalace. Ban da haka, matsalar ba ta GitHub kaɗai ba ce. Ita ce matsalar 'yar kasuwar da lambobin abokan cinikinta ke cikin WhatsApp, da malamin da karatuttukansa ke Facebook, da ma'aikacin lafiyar da rajistarsa ke cikin wayar ofis. GitHub misali ne kawai da ya fi sauƙin gani, domin a can ƙofar a buɗe take, har mutum ɗaya zai iya zama da yamma ya gina abin da kamfani bai gina ba.

Alheri ne ko haƙƙi?

Abin lura shi ne manhajar tana aiki ne saboda GitHub ya ga dama ya bar ƙofar a buɗe. Ranar da ya ga dama zai iya ƙuntata ta. A Yulin 2019 ya taƙaita asusun masu amfani da shi a Iran da Siriya da Kirimiya saboda takunkumin Amurka, ba don wani laifi da su kansu suka yi ba. Google ya rufe Google Reader ranar 1 ga Yulin 2013. Mozilla ta rufe Pocket, manhajar da miliyoyin mutane ke ajiye maƙalun da suke son karantawa, ranar 8 ga Yulin 2025, ta ba su wa'adin 'yan watanni su kwashe kayansu. A gida Nijeriya, gwamnati ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Ƙofa na iya rufuwa daga can, tana iya rufuwa daga nan. Zanen aro ba ya rufe katara.

Nijeriya ta taɓa warware irin wannan matsala. Kafin 22 ga Afrilun 2013, wanda ya gaji da kamfanin wayarsa sai dai ya haƙura da lambarsa in zai koma wani. Daga ranar NCC ta fara tsarin da ke ba mutum damar ƙaura da lambarsa. Kamfanoni ba su yi haka don ra'ayin kansu ba, hukuma ce ta wajabta. A Turai, dokar kare bayanai ta GDPR da ta fara aiki ranar 25 ga Mayun 2018 ta ba mutum haƙƙin karɓar bayanansa a tsarin da na'ura za ta iya karantawa, ya kai su inda yake so. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2023, ta yi maganar irin wannan haƙƙi a sashe na 38, ta kuma ɗora wa Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa, NDPC, tsara ƙa'idojinsa.

Haƙƙin da ke takarda sai an sa masa ƙafa yake tafiya. Wurin da hukumar za ta fi yin tasiri shi ne gida: bankuna, manhajojin biyan kuɗi, makarantu, asibitoci, da duk wata manhaja da gwamnatin jiha ko ta tarayya ke biyan kuɗi a gina. Bai kamata a sa hannu a kwangilar wata manhaja ba sai an ga hanyar da mai amfani da ita zai fitar da bayanansa a fayil mai sauƙi. Ƙungiyoyin da ke ɗaukar matasan yankin aiki su ma suna da nasu nauyin: kafin a rufe imel ɗin ma'aikaci, a ba shi lokaci da taimako ya raba abin da ke na ofis da abin da ke nasa. Masu horar da matasa kuwa, a Gusau ko a Talata Mafara ko ta intanet, ya kamata darasin farko ya haɗa da yadda ake fita daga asusu da kaya, ba yadda ake buɗe shi kaɗai ba.

Kafin doka ta iso, akwai abin da ke hannun kowa. Mafi amfanin matakan manhajar nan uku shi ne na biyu, wato rubuta jerin a fayil, kuma wannan ba ya jiran sai ranar ƙaura. Jerin rumbu 800 a rubutu zalla bai kai nauyin hoto ɗaya na waya ba. Ana iya ajiye shi a katin waya, a aika wa ɗan'uwa da ke Sakkwato, a buga shi a takarda in an so. Daga cikin 800 ɗin, akwai goma ko ashirin da aikin mutum ba ya tafiya sai da su, waɗannan a sauke kwafinsu gaba ɗaya. Lambobin ceto a rubuta su wuri biyu, ɗaya a wani gari. Aikin rabin awa ne a ranar da sabis ke da kyau, kuma a yammacin Zamfara babu wanda ke da tabbacin yawan irin waɗannan ranaku a gaba.

Mutanen Anka da Gummi da Bukkuyum sun riga sun san wannan lissafi a wasu fannonin rayuwa. Sun san wace takarda ake ajiyewa kusa da ƙofa, wane kaya ake kai wa dangi a birni tun kafin hanya ta lalace. Abin da ya rage shi ne matasansu masu rubuta manhaja su saka jerin taurarinsu cikin wannan ƙunshi, tun ana ganin sandunan sabis a fuskar waya.